Shuɗin da Sayibu Bai Gani Ba

A shekarar 2006 na fara sanin Sayibu Mai Hoto, ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris. Mu da muka yi makarantar mishan an koya mana rubuta kwanan wata kafin mu rubuta komai, kuma abin ya bi jikina har yau. A makon nan ofishin fansho ya ce mu kawo sababbin hotuna huɗu. Na yi shekara talatin da ɗaya ina akawu a ofishin awon ƙasa, shi ya sa duk unguwar Maamobi ake ce mini Baba Akawu. Sayibu ya rasu ranar Alhamis, sha biyu ga Janairun 2023. Na ga babu wanda zai rubuta komai a kansa, sai na ɗauki alƙalami.

Shagonsa rabin kwantena ne, kusa da babbar kwatar da ta raba unguwannin Nima da Maamobi a birnin Accra. Sauran masu hoto suna cika bangonsu da ja da ruwan ɗorawa don jan ido. Shi kuwa ya shafe cikin nasa da fenti ruwan toka, ya toshe taga da baƙin ƙyalle, ya rataya ƙwan lantarki guda ɗaya fari wanda ba ya yarda a canza masa da wani iri. Mata suna cewa shiga shagon Sayibu kamar shiga ofishin 'yan sanda ne.

Ranar nan na sa farar jallabiya. Ya ɗauke ni, ya wanke hoton, ya ɗaga shi ƙarƙashin ƙwan nan, sai ya yaga shi biyu a gabana.

Na ce, "Malam, lafiya? Hotona ne fa."

Ya ce, "Baba, wannan ba kai ba ne."

"To wane ne?"

"Wani ne da ya kwana a cikin kwatar nan. Dubi rigarka, ta yi kore."

Ni ban ga koren ba sai da ya ajiye yagaggen kusa da hannun rigata. Ya sake wankewa sau biyu kafin ya miƙo mini. Na fita ina mita, amma washegari na dawo na zauna a bencinsa, kuma daga nan bencin ya zama wurin zamana na shekara goma sha shida.

An haife shi a Maamobi a 1961. Mahaifinsa fataucin goro yake yi, ya taso daga Lagos Town, wadda yanzu ake kira Accra New Town. Sayibu bai wuce aji shida ba. Yana da shekara goma sha tara ya shiga wani ɗakin wanke hoto a cikin gari, ya yi shekara goma sha takwas a duhu yana juya madubai masu launi a kan fim. A nan idonsa ya koyi abin da ya koya. Da zamanin fim ya wuce, abokan aikinsa suka watse, wasu suka koma tuƙin trotro, wato ƙananan bas na haya. Shi ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya zauna gabanta da shekara arba'in da 'yan kai, ya koyi manhajar gyaran hoto da kansa kamar yadda ake koyon hawan keke, ana faɗuwa ana tashi.

Wata rana na tambaye shi dalilin da hoto yake fitowa ja a waya, ya fito ruwan ƙasa a takarda. Ya ce in dubi layinmu. Ga Bazabarme, ga Bakotokole, ga ɗan ƙabilar Ga, kowa da bakinsa. Haka kyamara da allon kwamfuta da injin wanke hoto suke. In kyamara ta ce ja, allo wani jan yake ji, inji kuma wani daban, takarda ma da nata ra'ayin. Dole a sa musu tafinta. Tafintan nan wani ɗan fayil ne da ake yi wa kowace na'ura, mai faɗin yadda take furta launi. Yana da wata 'yar na'urar awo da wani ɗan'uwansa ya aiko masa daga Jamus, yana kiranta kwaɗo. Ranar Asabar ta farko a kowane wata sai ya rataya kwaɗon a fuskar allo, launuka su yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, na'urar ta auna ta gyara. A aljihun gabansa kullum akwai kati ruwan toka da yake ba mutum ya riƙe a ɗauka ta farko, don ya san irin hasken da ya faɗa a fuskarsa.

Duk da wannan, idonsa ne alƙali na ƙarshe. A gefen manhajar akwai wurin da lambobi uku suke fitowa in ka ɗora kibiya a kan hoto: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. Ni da na ƙare rayuwata a kan lambobi, wurin ya burge ni. Shi ko kallonsa ba ya yi.

Yakan ce, "Baba Akawu, lamba sandar makaho ce. Mai ido me zai yi da ita?"

Rigimarsa da jama'a guda ɗaya ce, kuma kullum ita ce. Mace ta zo karɓar hoton biki, ta duba ta ce, "Sayibu, ka ɗan haska ni mana. A wayata na fi haka fari."

Ya ce, "Hajiya, wayarki tsoronki take ji. Ni ba na sayar da man bilicin."

"Ei! Kai dai ba ka da kirki."

"Ranar da jikokinki za su nemi fuskarki, tawa za su ɗauka."

Su tafi suna zaginsa, su dawo da wani bikin, don sun san in Sayibu ya wanke hoton mata ɗari da suka sa zane iri ɗaya, zanen zai fito launi ɗaya daga hoton farko har na ƙarshe. A Zango, wato unguwannin Musulmi irin tamu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In za a yi aure, uwar amarya takan zaɓi atamfa ko leshi, duk 'yan'uwa da ƙawaye su sayi irinsa su ɗinka. Shi muke kira yayi. Mace ba ta yafe wa mai hoton da ya mai da yayinta wani launi.

Wajen 2016 ƙorafin ya fara canza kama, amma mu ba mu lura ba. Mutane suka fara cewa hotunan sun yi sanyi, fuska ta yi toka-toka. Sayibu ya ɗauka tsohuwar waƙar ce ta a haska ni. Ya rataya kwaɗo, kwaɗo ya ce allo lafiya yake. Ya gwada inji, inji lafiya. Ya ce to laifin wayoyi ne, sun lalata idon jama'a. Masu biki suka fara tsallake shagonsa suna tafiya wajen samarin bakin titi. Shi kuma ya ƙara taurin kai.

A bakin lungunmu akwai Mma Amama, mai koko da ƙosai. A teburinta ni da Sayibu muke karyawa kowace safiya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya ce, Wadia, wadda ta taso tana miƙa mana kofi tana tsokanar Sayibu cewa shi kaɗai ne mutumin da yake duba launin koko kafin ya sha. A 2016 Wadia ta tafi aikin gida a wata ƙasar Larabawa. A watan Agustan 2018 aka bugo waya aka ce ta rasu bayan zazzaɓin kwana huɗu, kuma an riga an binne ta a can. Uwar ba ta ga gawa ba, ba ta ga likkafani ba, ba ta san ko da sunan maƙabartar ba.

Hoto ɗaya ya rage na girmanta. Wadia ta ɗauki kanta da waya ranar Ƙaramar Sallah ta shekarar, a ɗakin girkin mutanen da take yi wa aiki, ƙarƙashin ƙwai mai hasken ruwan ɗorawa. Ta yafa gyalen wani yayi da ta tafi da shi daga gida. Hoton ya bi ta wayoyi uku kafin ya iso ta uwar, duk ya rine kamar an tsoma shi a manja. Mma Amama ta kawo wayar shago, ta ce tana so a wanke shi babba a sa a firam kafin addu'ar arba'in.

Ta ce, "Sayibu, kai ka san ta. Ka dawo mini da ita yadda take."

Ya ce, "Mma, ki bar mini."

Kwana uku ya yi a kansa, bai karɓi wani aiki ba. Ya cire jan, ya rage ruwan ɗorawar, ya duba ya ga har yanzu da saura, ya ƙara shuɗi, ya sake ƙarawa. Ina zaune a benci ina ganinsa yana matsawa baya yana karkata kai. A rana ta huɗu da hantsi ta zo tare da mata biyu. Ya warware takardar da ya naɗe firam ɗin, ya juyo mata shi.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, "Gawarta ka samo mini?"

Ya ce, "Mma, me kike faɗa?"

"Wannan fuskar matacce ce. Leɓenta ya yi shuɗi. Ni ban ga gawar 'yata ba, kai ka ga dama ka nuna mini ita."

Da ya yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma ya yi shekara biyu yana jin ana kushe aikinsa, ga kwana ukun da ya kashe. Ya ce allonsa a aune yake, injinsa a aune yake, duk Nima babu mai irin kayansa. Ta ce ita ba ta san awo ba, 'yarta ta sani. Sai ya juyo gare ni.

"Baba Akawu, kai dattijo ne, ba ka ƙarya. Duba mana."

Na goge tabarau, na karɓi firam ɗin, na kai shi ƙarƙashin ƙwan. Allah shi ne shaidata, abin da na gani yarinya ce mai launin wankan tarwaɗa, yadda na san ta. Na ce, "Mma Amama, ki yi haƙuri, ni dai Wadia nake gani."

Sai Sayibu ya faɗi maganar da ta bi shi har kabari. Ya ce, "Shekara biyu ba ki gan ta ba sai ta waya. Kin manta kalarta ne."

Ta karɓi firam ɗin daga hannuna, ta jingina shi da bango, fuskar tana kallon fenti, ta fita. Matan nan biyu suka bi ta. An yi addu'ar arba'in babu hoto. Bayan mako guda ta ɗauke teburinta daga bakin lungunmu ta mayar da shi can ƙarshen layi, wajen famfo. Mu kuma muka koma shan shayi wurin wani Bazabarme. Sayibu ya tura firam ɗin bayan kabad, bai ƙara ambatarsa ba.

Shekara uku aka yi a haka. Aiki ya ragu har ya koma hoton fasfo kawai. Yana da ciwon suga tun da daɗewa, yana shan magani in ya tuna. A watan Nuwamban 2021 matarsa Rafi'atu ta matsa masa, don ta ga yana laluben maɓallin ƙofa da rana tsaka. Na raka shi asibitin ido. Likitar, wata matashiya ce mai magana da Turanci tana haɗawa da harshen Twi, ta haska idonsa ta ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, kuma ta daɗe. Ta ce irin wannan yanar takan rine kamar ruwan shayi, mai ita yana ganin duniya ta cikinsa bai sani ba, kuma shuɗi ne launin da yake fara ɓace masa. Ta ga ina sauraro da kyau, ta ce in zauna ta duba nawa. Ta haska, ta yi dariya ta ce, "Papa, naka ya fi nasa nuna."

Muka hau trotro muka kamo hanyar gida. Ni na san abin da nake tunani, kuma na san shi ma shi yake tunani.

An yi masa aikin idon dama ranar Litinin. Ranar Laraba aka cire bandeji. Bai yarda a wuce da shi gida ba, ya ce shago. Ya buɗe ƙofa, ya kunna ƙwan, ya tsaya gaban bangon da yake manna samfurin aikinsa. Ya rufe idon dama da tafin hannu ya duba, ya buɗe ya rufe na hagu. Ya yi haka ya fi sau goma. Tsofaffin hotunan da ke sama lafiyarsu ƙalau. Daga tsakiyar bango zuwa ƙasa kuwa, aikin shekara biyar, amare da jarirai da alhazai, kowa ya yi shuɗi-shuɗi kamar an ajiye shi a firji.

Ya durƙusa ya jawo firam ɗin daga bayan kabad, ya share ƙurar da hannun riga, ya duba da sabon idon. Sai ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba.

Ya ce, "Baba Akawu, gawa na ba ta."

Na ce, "Mu biyu muka ba ta."

"Kai shaida ka yi. Ni na ce ta manta 'yarta."

Washegari da safe ya tafi wajen famfo. Na bi shi a baya. Ya tsaya gaban teburin ya yi sallama. Mma Amama ta amsa sallamar, don ba a ƙin amsa ta, sannan ta ɗauki murfi ta rufe tukunyar da take cike, ta ce, "Koko ya ƙare." Ya buɗe baki, ta juya tana yi wa wata mata magana. Muka dawo.

Da ya koma asibiti a duba aikin, likitar ta gaya masa sauran labarin. Da aka cire yanar ta samu ganin bayan idon, kuma suga ya riga ya yi ɓarna a can. Jijiyoyin suna tsiyaya. Za a yi abin da za a iya, amma kada ya sa rai hasken nan zai daɗe. Kafin ƙarshen Janairu ya fara ganin baƙaƙen tabo suna yawo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Ƙananan rubutu suka gagare shi.

A lokacin ne ya ce mini zai sake hoton. Na ce ai sai ya yi sauri tun idon dama yana gani. Ya girgiza kai. Ya ce idon hagu yana ƙara ruwan ɗorawa, na dama kuma tun da aka yi aikin komai fari-shuɗi yake gani, ga tabo. Wanne zai yarda da shi? Ya yarda da ido sau ɗaya, ya ga inda ya kai shi. Kuma Wadia ba ta nan balle a ba ta katin toka ta riƙe.

Ya ce, "Amma akwai abin da yake cikin hoton da har yanzu yana Nima."

Gyalen yake nufi. Yayin bikin 'yar Hajiya Lariba ne, wanda aka yi a 2015: atamfa kore mai duhu, da fararen furanni da ɗigon ruwan goro. Mata sun fi ɗari da suka saya. In ya sami yanki ɗaya wanda ruwa da rana ba su taɓa ba, zai auna launinsa na gaskiya. Gyalen yana manne da kumatun yarinyar, haske ɗaya ne ya faɗa musu. In ya gyara hoton har zanen ciki ya yi daidai da zanen hannu, fuskar za ta koma inda Allah ya ajiye ta, ko shi ya gani ko bai gani ba.

Neman ya ɗauke mu mako uku. Rafi'atu ta shiga gidaje tana tambaya. Wadda ta sa nata har ya koɗe, wadda ta mai da shi zanen goyo, wadda ta aika wa 'yar'uwa a Kumasi. An kawo mana guda shida, kowanne da irin korensa, don kowace mace da sabulunta da igiyar shanyarta. A ƙarshe muka je wurin uwar bikin da kanta. Hajiya Lariba tana da shagon kayan kwalliya a Nima, mace ce mai jiki da murya, kuma tana cikin waɗanda suka daina kai wa Sayibu aiki.

Ta ce, "A'a, Masta mai awo! Yau kwaɗon ne ya aiko ka?"

Ya ce, "Hajiya, roƙo na zo."

"Kai da ka mai da ni kamar kifin firji a hoton Makkata? Mijina ya gani ya ce ko a can na yi jinya."

"Na yi. Idona ne, ban sani ba. Kawo shi in sake miki."

Hajiya Lariba ba ta taɓa jin Sayibu ya amsa laifi ba. Ya gaya mata abin da yake nema da dalilinsa. Ta gyara ɗaurin kanta ta ce bikin shekara bakwai, wa yake ajiye ƙyalle? Amma ta tura a ɗauko mata wani tsohon akwatin ƙarfe daga gida. A can ƙasa, ƙarƙashin kayan haihuwar 'yarta, akwai ragowar yadi ɗaya da rabi da tela ya dawo da shi, a naɗe cikin leda, ko takardar kamfani ba a ɓare ba.

Ta miƙa masa ta ce, "Ka dawo mini da shi. Nawa hoton kuma ka bar shi, na riga na saba da kifin."

Ya shimfiɗa yadin a shago ƙarƙashin ƙwan, ya ɗora katin toka a gefe, ya ɗauka. Ya rataya kwaɗo a allo duk da ba ranar Asabar ba ce. Sannan ya jawo mini kujera kusa da tasa. Ni lokacin an yi mini aikin ido ɗaya, ina iya karatu da tabarau. Ya ce in ɗora kibiya a kan farin fure in karanta masa lambobin nan uku, sannan a kan kore, sannan a kan ruwan goro. Na rubuta su a littafina, layi uku. Har yanzu shafin yana nan. Na koren su ne talatin da ɗaya, casa'in da huɗu, saba'in da biyu.

Muka buɗe hoton Wadia na asali, wanda ya rine. Ina ɗora kibiya a kan gyalenta ina karantawa, shi kuma yana jan layukan gyara da hannunsa, ya kawar da kai daga allon gaba ɗaya yana kallon bango.

"Ja nawa?"

"Hamsin da takwas."

"Yanzu fa?"

"Arba'in da huɗu."

"Shuɗi?"

"Sittin. Da saura."

In kore ya daidaita sai fari ya goce, in an dawo da fari sai ruwan goro ya tafi. Kwana biyar muka yi, daga hantsi zuwa azahar, don bayan nan kansa yakan yi ciwo. A rana ta uku na ce masa, cikin wasa, ashe sandar makaho tana da amfani. Ya ce, "Riƙe ta da kyau, kai ne ɗan jagora." Bai yi dariya ba, ni ma na yi nadamar faɗa.

A rana ta biyar wuraren uku suka zo kusa da abin da ke littafina, da bambancin lamba biyu ko uku. Ya ce in tsaya. Na ɗaga kai na dubi fuskar, wadda a wannan karon bai taɓa ta ba ko sau ɗaya. Na ce masa ga Wadia nan. Ya ce kada in gaya masa, na taɓa faɗin haka.

Ya wanke ƙaramin gwaji, ya bar shi ya kwana ya bushe, ya sa Rafi'atu da Hajiya Lariba suka ɗora yadin a kan takardar a bakin ƙofa da hasken safe. Hajiya ta ce in ba don santsin takarda ba, ba za ta san inda zane ya ƙare ba. Sannan ya wanke babban, ya sa a sabon firam. Duk aikin da ya fita daga shagon nan yakan buga masa hatimi a baya, da sunansa da lambar wayarsa. Na miƙa masa hatimin, ya ce in mayar aljihun tebur.

Ya roƙi Hajiya Lariba ta kai, kuma kada ta ce daga ina. Ranar Alhamis ce, ashirin da huɗu ga Maris, 2022, saura kwana tara azumi. Muka zauna a benci muna jira. Bai sha shayinsa ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta dawo, ba ta shigo da hayaniyar da ta saba ba.

Ta ce ta same ta a ɗaki tana tsince wake. Ta ajiye mata firam ɗin a kan cinya ta ce saƙo ne. Mma Amama ta warware takardar, ta duba, ta ture tiren waken gefe. Ta juya bayan firam ɗin tana neman suna, ba ta samu ba. Ta sake juyo shi. Ba ta tambayi wanda ya aiko ba. Ta sa gefen gyalenta ta goge gilashin duk da babu ƙura a kansa, ta yi ta magana da hoton ƙasa-ƙasa, har Hajiya ta ga bai kamata ta tsaya ba.

Sayibu ya ce, "Ta ce ita ce?"

Hajiya Lariba ta ce, "Ta kira sunanta."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba aljihun gabansa ya ciro yadin da ya ninke, ya miƙa mata, ya ce ta duba ko ya ɓata shi. Sannan ya ce mini in kashe kwamfutar, shi ba ya ganin inda maɓallin yake.